Cire turmin ƙarshe a Kano: hannun likita ya yi, bayanin sallama ne bai yi ba

Turmina na ƙarshe na ƙasa, ɓangaren hagu, a kwance ya fito, kansa na tokare da haƙorin da ke gabansa. Irin waɗannan turame guda 4 su ne ke cike haƙoran babba zuwa 32, kuma yawanci tsakanin shekara 17 da 25 suke tsirowa, lokacin da muƙamuƙi ya riga ya cika. Nawa rabinsa ya leƙo, dasashi ya lulluɓe sauran, abinci na maƙalewa a ƙarƙashi. Kanumfari da man zafi sun yi iya yinsu, daga ƙarshe baki ya ƙi buɗuwa sosai, na nufi wani asibitin haƙori mai zaman kansa a cikin Kano.

Abin da ya fara burge ni, likitan bai taɓa ni da ƙarfe ba sai da aka ɗauki hoton muƙamuƙin gaba ɗaya. Ya nuna min jijiyar da ke bi ta ƙarƙashin saiwar, ya ce ita ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji, in aka taɓa ta leɓe kan mutu na wani lokaci, wani sa'in ma ya daɗe. Na ce, "Likita, ka fa tsorata ni." Ya ce, "Malam, gara ka ji yanzu." Na ji daɗin wannan gaskiyar.

Aikin kansa bai kai labarinsa ba. Allurar kashe wurin ce ta ɗan yi zafi. Bayan nan sai dai dannawa da ƙarar na'ura. Ya tsaga dasashi, ya raba haƙorin gida biyu, ya zaro kowanne, ya yi ɗinki. An ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, amma janareta ya tashi nan take. Kayan aikin kuma a gabana aka farke ledarsu, wanda a wurina ya fi kujerar alfarma da talabijin ɗin da ke ɗakin jira.

Inda suka gaza shi ne sallama. Nas ɗin ta zayyano min dokoki a tsaye, da sauri, ina cije da auduga, rabin fuskata kamar ba tawa ba. Ko takarda ba su bayar ba. Ta ce kada in tsotsi abu da tsinken shan lemo, kada in sha taba, kada in sha kunu da zafinsa. Ba wanda ya ambaci alwala. A gari irin Kano, inda mutum zai kurkure baki sau da yawa kafin gari ya waye, wannan ya kamata ya zama magana ta farko. Gudan jinin da ke toshe ramin shi ne ke kare ƙashi, kuma kurkura da ƙarfi ko yawan tofar da yawu a cikin awa 24 na farko na iya fitar da shi.

Nawa ya fita. Kumburi ya fara sauka ke nan sai wani ciwo ya taso, yana harbawa har kunne, ga wari a baki, ibuprofen da farasitamol suka kasa. Da na koma ba su karɓi ko kwabo ba. Likitan ya wanke ramin, ya cusa wani magani mai ƙamshin kanumfari, kafin in iso gida zugin ya lafa. A ranar ce ya zauna ya yi min bayanin ruwan gishiri mai ɗumi, da yadda zan bar ruwa ya zubo da kansa maimakon in furzar.

Kuɗin ya fi na cire haƙori na yau da kullum nesa ba kusa ba, kuma ba a faɗa min jimillar ba sai bayan na biya na hoto. Duk da haka turmin dama ma yana nan a karkace, kuma wurin wannan likitan zan kai shi. Sai dai zan tafi da ƙanena ya saurari bayanin, ya rubuta.