Hoton ƙarƙashin teku a bangon falo: kanbas ko alminiyum?

Hajiya, kin tambaya wanne ya fi dacewa da sabon falonki na Badariya a Birnin Kebbi: a buga miki hoton kifayen Bahar Maliya a kan kanbas, ko a kan farantin alminiyum. Ni dai alminiyum zan zaɓar miki.

Ruwa yana shanye launi. Da an nutsa kamar mita 5 ja zai fara ɓacewa, ruwan lemo da rawaya su bi baya, a ƙarshe shuɗi kaɗai ke saura. Shi ya sa masu nutso ke sauka da fitilu masu ƙarfi, su haska kifi da murjanin da ke kusa don launinsu ya dawo. To kyan hoton duk a nan yake: jan murjani a gaba, bayansa shuɗi yana sauka a hankali, mai haske daga sama har ya kusa komawa baƙi a ƙasa. Kanbas yadi ne, yana da saƙa. Ki matsa kusa za ki ga zaren ya kakkarya wannan shuɗin, ƙananan ɗigo-ɗigon jikin kifi sun dushe. Alminiyum kuwa da zafi ake shigar da tawada cikin fuskarsa, sumul yake, sai ki ga ruwan ya yi zurfi kamar ki tsoma hannu.

Sai ƙurarmu, wadda ba sai an faɗa miki ba. Hunturu ɗaya ya isa ta shige ramukan saƙar kanbas, kuma ba a dirje shi da jiƙaƙƙen tsumma. Da damina ma danshi kan sa ya saki a jikin katakonsa. Alminiyum tsumma mai laushi kawai yake so, a ɗan jiƙa a shafe.

Kanbas ma yana da nasa. Ya fi araha, ya fi sauƙin samun mai bugawa, kuma ba ya ƙyalli. In bangon yana kallon taga ko ƙwan lantarki, alminiyum mai sheƙi zai riƙa nuna miki labule da fanka maimakon kifi. A nan sai ki nemi marar sheƙi, ko ki haƙura da kanbas ɗin. Dukansu dai kada ki rataye inda ranar yamma ke duka, za su koɗe.

Abin da ya fi damuna shi ne asalin hoton. Wanda aka turo a WhatsApp an riga an matse shi. In aka buɗa shi zuwa santimita 60 da 90, shuɗin zai fito layi-layi, ko a kan me aka buga. Ki sayi cikakken fayil daga mai ɗaukar hoton, haƙƙinsa ne, ya sha wuya kafin ya samo.

In kuma Alhaji yana ƙin rataya hoton mai rai, akwai na hasken rana yana ratsa ruwa, akwai na ciyawar teku. Ki dai sani murjani dabba ne, ba dutse ko tsiro ba, sai ki ji ta bakin malaminku.

Kafin ki biya kuɗin babban, ki sa a buga miki ɗan ƙarami a kowanne, ki jingina su a bangon, ki duba da hantsi ki sake dubawa bayan magariba.