Katin ƙarin ƙarfi ko sabon mayaƙi: wanne za a sauke?

Ɗan'uwanmu na Unguwar Rogo, nan Jos, ya tambaya a kan Hearthstone, wasan katin da Blizzard ya fitar a 2014. Yana da mana 4 (mana shi ne kuɗin da ake biya a sauke kati), a hannunsa ga Blessing of Kings ga Chillwind Yeti, wanne ya fi?

To ɗan'uwa, kuɗinsu ɗaya, aikinsu ne daban. Yeti mayaƙi ne mai duka 4 da rai 5, sai dai ba ya kai hari a zagayen da ya sauka. Blessing of Kings kuwa, katin Paladin (ɗaya daga cikin jaruman da ɗan wasa ke zaɓa, kamar Mage, Shaman da Rogue), yana ƙara wa mayaƙin da ke fage duka 4 da rai 4, kuma in mayaƙin ya riga ya kwana a fage, nan take zai kai farmaki. Darajarsa tana cikin saurin nan. Ɗauki Argent Squire, ɗan mitsitsi mai 1/1 (duka 1, rai 1) da garkuwar Divine Shield, wadda ke tare masa dukan farko. Ka ɗora masa katin, ya zama 5/5, ya kashe Yeti na abokin karawa ko ƙwarzane bai samu ba. Wallahi wasa mai daɗi ke nan.

Amma fa ka tara kati biyu a jiki ɗaya. Mage na da Polymorph, ya mayar da shi tunkiya 1/1. Shaman na da Hex, ya mayar da shi kwaɗo. Rogue ya yi masa Sap ya dawo hannunka, ƙarin ƙarfin ya bi ruwa. Ko Ironbeak Owl, mayaƙin da ke cire wa wani duk ƙarin da aka ɗora masa, ya isa ya goge komai. In Polymorph ko Hex ne, da kati ɗaya an cinye maka biyu, kuma irin wannan asarar ce take kashe wasa a hankali. Da Yeti ka sauke, shi kaɗai zai zama tunkiya, Squire ɗinka na nan da garkuwarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da aka share maka fage. Katin ƙarin ƙarfi zai zauna a hannunka ba wanda za ka ɗora wa, Yeti kuwa ba ya jiran kowa.

Ni dai in kana baya, ko fagenka ba kowa, sauke Yeti. In Mage ko Shaman ne a gabanka, riƙe Blessing of Kings ka riƙa ƙirga, domin Polymorph ko Hex ba ya wuce biyu a tarin kati 30 da ya shigo da shi. Sai ya yi amfani da su, ko ka ga dukan nan 4 zai ƙarasa ran abokin karawar, sannan ka ɗora.