Wane Rufi Za Ka Saya Da Iskar Farkon Damina Ba Za Ta Yaye Ba?

Daga Afrilu zuwa Yuni, guguwar da ke riga ruwan sama isowa takan taso daga gabas, kuma rufi take fara nema. Kafin ka biya kuɗin kwano, ka san cewa iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi, musamman ta baki da kusurwa.

Ƙaramin kwanon zinki shi ne mafi araha, amma siriri ne, yana tsatsa, kuma ramin ƙusa yakan buɗe har kwanon ya zare. Dogon kwanon alminiyam ya fi shi, tunda babu gaɓa daga tsororuwa zuwa baki. Nemi mai kaurin 0.55mm, in aljihu bai kai ba, kada ka sauka ƙasa da 0.45mm. A auna a gabanka, domin abin da aka rubuta a rasit ba kullum ne abin da aka ɗora a mota ba. Kwano mai lulluɓin tsakuwa yana da kyau da rage ƙarar ruwa, sai dai yana cin katako da kuɗi. Rufin dakin, wato na kankare, iska ba ta iya masa komai, amma yana riƙe zafi, kuma in ba a ba shi gangara ba sai ya yi yoyo.

Duk wanda ka zaɓa, ɗauri ne ke riƙe shi. A zuba linta ta zagaye ginin gaba ɗaya, a binne rodi ko langa-langa a cikinta kusan kowace mita ɗaya, a naɗe katakon da rufin zai zauna a kai. Ɗaurin da aka soke cikin bulo kawai, da bulon yake tashi. A shafe katako da maganin gara, a yi amfani da ƙusa mai hula ko sukuru, a ƙara yawansu a layin baki.

Rufi mai fuska huɗu ya fi mai fuska biyu jure iska. Bakin kwano kada ya zarce bango da fiye da santimita 45. Rawanin da magina ke ɗorawa a kan soro yana da amfani a nan ma: yana kare bakin kwano, muddin an bar indararo mai faɗi da ruwa zai fita.