Skyline Drive a watan Oktoba: dala 30 ɗin ta biya kuɗinta

Jama'a masu tambaya ko ya dace mutum ya ɗau mota ya hau Skyline Drive don kallon ganyen kaka, amsata ita ce eh, ya dace ƙwarai, amma fa da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne kar ka zo da gaggawa. Hanyar tana cikin gandun daji na ƙasa na Shenandowa a jihar Bajiniya ta Amurka, tsawonta mil 105, ta taso daga Front Royal a arewa ta bi ta kan ƙoƙuwar duwatsun Blue Ridge har Rockfish Gap kusa da Waynesboro. Daga Washinton zuwa bakinta wajen mil 75 ne. Dala 30 ake biya kowace mota, ba kowane mutum ba, kuma rasit ɗin na aiki har kwana 7, don haka a adana shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka tsara hanyar domin mai kallo. Ba a wuce gudun mil 35 a awa, wasu na ƙorafi a kan haka amma ni wallahi ina ganin nan ne duk daɗin yake, don hanyar kwana ce a kan kwana, ga barewa na fitowa ba sallama, wani lokacin har beyar baƙa, kuma idan kana gudu me za ka gani? An yi wuraren tsayawa na leƙen kwari kusan 70, ka ɗan gangara gefe ka yi fakin ka fito, yamma ga kwarin Shenandowa da kogin na murɗe-murɗe a ƙasa, gabas ga tuddai na sauka a hankali har inda ido ya gaza. Sannan akwai ƙananan turakun siminti a gefen yamma masu lambar mil, daga arewa ake fara ƙirga, duk wani abu a taswirar da za su miƙo maka a get da lambar mil aka nuna shi. Wannan taswirar ta takarda kar ka jefar da ita a kujerar baya, sabis ɗin waya a saman nan zuwa yake yana ɗaukewa, wani wurin babu ko ɗigo.

To batun ganyen kansa, wanda shi ne ya kai mu. Mutane da yawa suna damun kansu da neman ranar da launi ya kai ƙarshe, suna ta fargabar ko sun makara ko sun yi sauri, ni kuwa abin da na fahimta a can shi ne dutse ya riga ya sauƙaƙa maka wannan lissafin. Sama ta fi ƙasa sanyi, saboda haka bishiyoyin ƙoli su ke fara juyawa tun farkon Oktoba, sai launin ya riƙa gangarowa mako bayan mako har ya isa gindin dutse wajen ƙarshen wata. Tunda hanyar kanta hawa take tana sauka, a tafiya ɗaya za ka ratsa inda ganye ke kore shar, ka shiga inda ya yi jajawur, ka haura inda iska ta riga ta kakkaɓe rassan. Idan saman ya zube ka leƙa ƙasa daga wurin tsayawa, launin na nan shimfiɗe a jikin gangaren kamar an shanya atamfofi. Ma'aikatan gandun ma suna fitar da rahoton launi a shafinsu lokacin kaka, a duba kafin a taso.

Kuma ba launi ɗaya ba ne, wannan ne hoto baya iya nunawa sosai. Mapul shi ne mai jan nan da ruwan lemu, hikori rawaya ne mai haske, sumak a bakin hanya ja kamar garwashi, itacen ok kuma wanda shi ya fi yawa a dajin baya sauri, sai daga baya yake komawa ruwan ƙasa mai ja-ja. Dalilin shi ne idan rana ta gajarta dare ya yi sanyi bishiya na daina ƙera sinadarin koren nan na kulorofil, sai rawayar da dama can tana ɓoye a ganyen ta bayyana, shi kuwa jan sabo ake haɗa shi daga sukarin da ya maƙale a ganye, shi ya sa shekarar da aka samu rana mai haske da dare mai sanyi ba ƙanƙara jan ya fi tashi, shekarar fari ko iska mai ƙarfi kuma ganyen kan bushe ya zube da wuri. Wannan ba a hannun kowa yake ba.

Idan lokacinka kaɗan ne, tsakiyar hanyar nake ba da shawara, daga ƙofar shiga ta Thornton Gap zuwa ta Swift Run Gap. A nan za ka bi ta ramin Marys Rock wajen mil 32 da aka fasa a cikin dutse a 1932, masu manyan motocin kwana su lura tsayinsa ƙafa 12 da inci 8 ne kawai. Gaba kaɗan Skyland, inda hanyar ta fi ko'ina tudu, ƙafa 3,680, akwai masauki da gidan abinci mai manyan tagogi suna kallon kwari. Sai Big Meadows a mil 51, fili ne fetal a saman dutse, ciyayi da ƙananan tsirrai sun yi ja da ruwan ƙasa, barewa na kiwo da yamma hankali kwance. Mai ƙarfin ƙafa ya sauka Dark Hollow Falls a mil 50.7, zuwa da dawowa bai kai mil ɗaya da rabi ba, amma dawowar hawa ce mai sa haki, kar a ja tsoho ko mai ciwon gwiwa.

Cibiyar baƙi ta Byrd da ke Big Meadows ɗin ina roƙon kowa ya shiga ko na minti ashirin ne. A nan aka baje tarihin wurin ba ɓoye-ɓoye, an fara aikin hanyar a 1931 aka gama a 1939, samarin CCC, shirin gwamnati na ba matasa aikin yi a zamanin karayar tattalin arziki, su suka yi aikin katangun dutse da wuraren tsayawa da yawa, Shugaba Roosevelt ya zo ya ƙaddamar da gandun a 1936. Amma kafin nan akwai ɗaruruwan iyalai da ke zaune a duwatsun da gonakinsu da maƙabartunsu, aka tashe su, wasu da ƙarfi. Sannan Lewis Mountain da ke gaba kaɗan wuri ne da aka ware wa baƙaƙen fata su kaɗai a zamanin wariya, sai wajen 1950 aka gama haɗe wuraren. Na ji daɗi ƙwarai da suka faɗi wannan a fili, bayan ka karanta ka koma mota dajin baya zama maka kamar da.

Yanzu abubuwan da za su iya ɓata maka rai. Asabar da Lahadi na tsakiyar Oktoba cunkoso ne na gaske, layin motoci a ƙofar Front Royal da Thornton Gap kan yi tsawo sosai, wuraren fakin na shahararrun hanyoyin ƙafa su cika tun hantsi, ka zo wurin leƙe mai kyau ka tarar ba inda za ka sa mota sai dai ka wuce. Maganinsa ranar aiki, ko ka iso da sassafe, ko ka shiga ta Swift Run Gap ko Rockfish Gap, ɓangaren kudu ya fi shiru nesa ba kusa ba kuma kyansa bai ragu ba. Na biyu hazo, yana iya rufe saman dutsen ruf har ka kasa ganin motar gabanka alhali ƙasa rana ce tarwai, idan ka ga haka kunna fitila ka rage gudu, sau da yawa mil kaɗan gaba ya yaye. Na uku mai, gidan mai ɗaya ne tak a duk hanyar, a Big Meadows, don haka cika tanki tun daga gari. A zo da rigar sanyi ko da ƙasa da ɗumi, sama kan fi sanyi da kusan digiri 10 a ma'aunin Farenhait ga iska, kuma a gangara a sa ƙaramar giya kar a dafa burki.

Ana cewa awa 3 ta isa a gama hanyar idan gari garau ne kuma ba tsayawa, amma da kaka ka ware yini guda cur, ko ma ka raba ta biyu tunda rasit ɗin na mako ne. Mai son kwana a Skyland ko Big Meadows Lodge a Oktoba ya kama ɗaki tun watanni kafin nan, don cika suke da wuri.