Sharhi: Cire tsiron kunne da ruwan naitirojin a Kaduna

Tsiron da likitocin fata ke kira seboriyik keratosis yana yawan fitowa bayan shekara 50. Baƙi ne ko ruwan ƙasa, mai kaushi, kamar an ɗiga kakin zuma a fata ya daskare. Ba ciwon daji ba ne, ba a kuma ɗaukarsa. Amma a kunne yana da takura, domin bakin hula, ɗankwali ko hannun tabarau na gogarsa har ya yi jini.

Mun gwada cire shi a wani asibitin fata mai zaman kansa a cikin garin Kaduna, a saman kunnen wani dattijo. Abin da ya fi burge ni shi ne likita bai taɓa shi ba sai da ya duba da madubin ƙara girma mai fitila. Wannan matakin shi ne mafi muhimmanci, domin kunne na shan rana, kuma dajin fata kan yi kama da wannan tsiron, musamman ga zabiya. Wanda ake shakkarsa ba a daskarar da shi, yankowa ake yi a kai ɗakin gwaji.

Aikin kansa gajere ne. Aka fesa ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, na daƙiƙa 5 zuwa 10 har wurin ya yi fari fat. Akwai raɗaɗi na 'yan mintuna. Washegari bororo ya taso, ya bushe, ɓawon ya faɗi cikin mako 2. A kunne dole a sassauta hannu, saboda fatar siririya ce kuma guringuntsi na ƙasa, in aka zarce sai gefen kunnen ya lotsa.

Inda suka gaza: ba su faɗa tun farko cewa wurin zai yi fari ba. Ƙwayoyin da ke ba fata launi sun fi saurin mutuwa da sanyi, don haka a baƙar fata tabon kan ɗauki watanni, wani ma ba ya komawa. Tsiro mai kauri kuwa kankarewa ta fi masa, in ba haka ba sai an koma zagaye na biyu.

A wanke da sabulu, a shafa Vaseline, kada a ɓare ɓawon. Askar wanzami kam a bar ta, kunne na saurin yin tabo mai tudu.