Kwamfutar hannu ko keke? Duka na saya, ɗaya ce ta bar ni da da-na-sani

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yarinya lafiya. Tunda kin ce shekararta tara, ga yawan fargaba ga ciwon kai, kuɗin hannunki kuma na abu ɗaya ne, ko kwamfutar hannu ta yara ko keke, to ki sayi keke. Duka biyun sun shiga gidana, shi ya sa ba zan tsaya kwana-kwana ba.

Kwamfutar na fara saya wa ɗana na biyu, yana aji huɗu. Yaro ne mai zurfin ciki. A ce gobe jarrabawa, ko malam zai karɓi hadda a Islamiyya, tun dare za ki ga ya dafe goshi. Na ce bari in samo masa abin ɗauke hankali. Ta ɗauke kuwa, ta haɗa da barcinsa. Sai in leƙa ɗaki ƙarfe sha ɗaya in tarar da haske a ƙarƙashin bargo. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 barcin awa 9 zuwa 12 yake buƙata, hasken na'ura da dare kuma yana jinkirta sinadarin melatonin da ke kawo barci. Ki lissafa da kanki: ya kwanta sha ɗaya, an tashe shi biyar da rabi don salla, awa shida da rabi ke nan. Ya tashi ba ya ko son ganin koko, ya tafi makaranta ciki wayam, kafin a fita tara kai ya fara sara. Abin yabon da zan iya yi mata guda ɗaya ne, akwai karatun Alƙur'ani da wasannin lissafi a ciki, in kina da ƙarfin halin karɓe ta kafin magariba. Ni dai na kasa.

Keken kuwa na hannu ne, ƙararrawarsa ma ba ta aiki. Ranar da aka kawo shi yaron nan ya ƙi ko taɓa shi, wai zai faɗi a yi masa dariya. Babansa ne ya riƙa riƙe masa sirdi daga baya, suna kai da komo a ƙofar gida bayan an taso daga Islamiyya. Kwana na huɗu ya afka kwata. Na fito da gudu zuciyata na dukan uku-uku, sai na tarar da shi zaune cikin caɓi, gwiwa ta ɗaye, yana ƙyalƙyala dariya har da riƙe ciki. Wallahi na yi watanni ban ji wannan dariyar ba. Daga nan yaran layi suka fara yin sallama da shi, kowa na son ɗani, shi da ba ya haɗa ido da mutane ya zama mai raba layin hawa. Aike ma rububinsa yake yi, musamman kai niƙa.

Abin da keken ya gyara mini shi ne tsarin yininsa. Ya shigo da magariba a gajiye, ya kwankwaɗi ruwa ba tare da an ce masa sha ba, ya ci tuwo da gaske, ana idar da isha'i ya ɓingire. Da safe ya tashi da yunwa, ya karya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, mu kuwa daga boko sai Islamiyya sai lesin, yaro a zaune tun safe. Ban ce keke magani ba ne. Amma irin ciwon kan da damuwa ke kawowa, wanda yaro zai ce kamar an ɗaure masa kai tamau da ɗankwali, wuya da kafaɗa su sandare, ƙarancin barci da yunwa da ƙishirwa duk suna tayar da shi. A littafin da nake rubuta ranakun ciwon, ya sauka daga kusan kullum zuwa jefi-jefi, yawanci dab da jarrabawa.

Na san za a ce miki mace ba ta hawa keke. A shekara tara? In tsakar gida da fili ta zagaya a nan, ko a layi kina kallonta. In babu wuri sam, igiyar tsalle da 'yar gala-gala da gaɗa sun isa, ki adana kuɗinki. Ki dai kiyaye zafin rana, daga Maris zuwa Mayu a nan Kano zafi na kaiwa digiri 40, sai rana ta yi sanyi, da gorar ruwa a hannu. Shayi mai ganye da baƙin lemon kwalba ki janye su da yamma, akwai sinadarin da ke hana barci a ciki.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa. Mai keke zai tura miki wanda ya fi ƙarfinta ya ce za ta girma da shi. Ki je da ita ta hau, tafin ƙafarta ya taɓa ƙasa, taya mai inci 20 ko 24 gwargwadon tsayinta. Ki matse birki gaba da baya, ki shafa mahaɗar ƙarfen, don sabon fenti yana rufe tsohuwar walda. Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne masu magani. Da kin ce yaro na ciwon kai za a jero miki kwalabe, wai na ƙara basira, na kwantar da ƙwaƙwalwa, wani ko lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, babu. Garin maganin ciwon kai na 'yar takarda kuwa, wasu da asfirin a ciki, shi kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba sai da izinin likita. Ko farasitamol ɗin da muka raina, in ana sha kwana 15 ko fiye a wata, shi da kansa yana haifar da ciwon kai. Na yi wannan kuskuren, kullum sai na jefa masa ɗaya a aljihu. Haka masu tabarau na bakin titi: kar a saka wa yarinya gilashi ba gwajin ido a asibiti.

Kafin ki je kasuwa ma ki fara kai ta asibiti, a duba ido, a duba jini, a yi gwajin maleriya. In ciwon yana tashinta daga barci, ko tana amai da sassafe, ko ganinta ya canza, ko ya biyo bayan buguwa a kai, ko da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, wannan ba zancen keke ba ne, a tafi a ranar, balle a lokacin sanƙarau. Sannan ki zauna da ita a hankali, lokacin kitso ya fi, ki ji me take tsoro. Nawa dai bulalar hadda ce, sai da babansa ya je suka yi magana da malamin.

Kwamfutar tana nan cikin durowa, fuskarta ta tsage, caza ta ɓace. Da na ce ki aiko a karɓa kyauta, amma ina ƙaunarki.