Shafin intanet na sutudiyo: a ba gwani ko mutum ya haɗa da kansa?

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun shekaranjiya na ga tambayarka, aikin wani ɗaurin aure a Gwiwa, nan Sakkwato, ne ya hana ni zama. Ka ce shekararka uku kana ɗaukar hoton biki da suna a Mabera, wani mai haɗa shafukan intanet ya yanka maka naira 350,000 zai gina maka naka, abokinka kuma ya ce asarar kuɗi ce, ka hau Wix, dandalin da mutum ke gina shafi a kansa, ka haɗa da kanka kyauta. Kana son sanin wanne ya fi sauƙi.

Ni duka biyun na taɓa, kuma kowanne ya cije ni ta gefensa. Abin da na gane shi ne, ba a ranar gini ake sanin tsadar shafi ba, sai shekara ta zagayo.

Shafi kamar shago yake. Akwai sunan da ke jikin allo, shi ne domen, adireshin da mutum zai rubuta ya same ka. Akwai hayar ɗakin da hotunanka za su zauna, shi ne hostin. Sai aikin magini da mai fenti. Na ukun kaɗai ake biya sau ɗaya, biyun farko kuwa haya ce, duk shekara sai ka sabunta ko a rufe. Kuɗin da aka yanka maka galibi na magini ne da hayar shekarar farko. Saboda haka kafin ka ce ya yi tsada ko ya yi araha, tambaye shi nawa za ka riƙa biya daga shekara ta biyu, ya rubuta maka a takarda.

To mu zo kan "kyauta" ɗin abokinka. Gaskiya ne Wix na da tsarin da ba a biyan ko sisi, amma tallarsu za ta zauna a saman shafinka, kuma adireshin nasu ne, sunanka a liƙe yake kawai a jiki. Ba abin da za ka buga a katin sana'a ka miƙa wa Alhaji ba ne. Ranar da ka ce a cire tallar a sa sunanka, ka shiga biyan dala. Squarespace ma, wani dandalin irin Wix, ba shi da na kyauta sam, gwajin kwana 14 ne sai biya. Ƙananan tsare-tsaren su biyun suna wajen dala 16 zuwa 17 a wata idan ka biya na shekara gaba ɗaya. Ɗauki 16 ɗin: dala 192 ke nan a shekara. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da dala ke wajen naira 460 a hukumance, kuɗin bai kai 90,000 ba. Da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta haura 1,500 a 2024, sai wannan dala 192 ta koma naira 288,000. Kamfanin bai ƙara maka ko kwabo ba, amma hayarka ta ninka fiye da sau uku.

Yanzu jera su na shekara uku, mu bar dala a 1,500 don lissafi ya yi sauƙi. Wanda ka haɗa da kanka a kan tsarin dala zai ci naira 864,000. Na maginin kuwa, ko da ya ce sabuntawa 100,000 ce duk shekara, 350,000 da 200,000 sun tashi 550,000. Ka ga wanda ake kira na kyauta shi ya fi cin kuɗi. Ga kuma wahalar biyan: a 2022 bankuna da yawa suka rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka dakatar gaba ɗaya, sai a 2025 wasunsu suka sake buɗewa. A tsakanin nan mun sha roƙon masu katin dala su biya mana, mu ba su naira da ɗan abin goro. Wani abu kuma da ba a faɗa wa mutum da wuri: shafin da ka gina a Wix ba ya ɗaukuwa zuwa wani hostin. In ka gaji da su, sai dai ka kwashe hotunanka ka sake gini daga tushe. Kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai hanyar haɗawa da kai ta biyu, wadda ta fi araha a aljihu amma ta fi cin rai. Ka sayi domen na .com.ng, wanda hukumar NiRA ke kula da shi kuma da naira ake biya a wurin dillalanta, ka kama hostin a wani kamfanin cikin gida, ka ɗora WordPress. Manhajar gina shafi ce, kyauta tun fitowarta a 2003, kuma sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke tafiya. Shi ma maginin naka, ina kyautata zaton da ita zai yi maka. Kuɗin da za ka kashe bai kai rabin abin da ya yanka ba. Sauran da lokacinka za ka biya.

Nawa na farko a cikin azumi na haɗa shi, tunda lokacin biki ya yi sauƙi. Ka san zafin Sakkwato a watan Afrilu. Bayan Tarawihi zan zauna, ba wuta, kwamfuta a kan cinya tana huci kamar dutsen guga, ina kallon bidiyon koyarwa ina tsayarwa ina gwadawa. Sai da na cinye azumin nan kaf kafin ya yi kama da shafi. Na zaɓi hotuna 60 da na fi alfahari da su, har da na hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Musulmi, na ɗora su yadda suka fito daga kyamara, kowanne wajen megabait 10. A kwamfutata suna buɗewa tas, don ta riga ta adana su. Na tura wa wata Hajiya a Illela da ke neman mai ɗaukar bikin ɗiyarta. Bayan Magariba ta kira ni ta ce, "Malam, abin naka fari fat yake nunawa, kuma ya shanye mini data." Megabait 600 na ɗora wa baiwar Allah a shafi guda. Aikin ya wuce ni. Daga baya na koyi cewa a Lightroom, manhajar gyaran hoto, ake fitar da hoton shafi daban, faɗinsa kada ya wuce fiksel 2,000, nauyinsa wajen kilobait 300, kuma a waya ba mai gane bambanci. Magini na ƙwarai ya san wannan tun ranar farko, kuma irin wannan sanin kake saye da kuɗinka, ba kyan launi ba. Balle yanzu da aka ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, ba mai haƙurin jiran shafi mai nauyi.

WordPress kuma ba a gina shi a juya baya. Yana son sabuntawa a kai a kai, shi da ƙananan manhajojin da ake liƙa masa, in ba haka ba masu kutse su shiga su cika maka shi da tallar caca. Yana son ka riƙa ajiye kwafinsa a wani wuri. A watan Disamba da kake fita kamu yau, walima gobe, dina jibi, ga gyaran hotuna har asuba, wa zai tuna da wannan?

Shi ya sa a karo na biyu na ba wani yaro ɗalibi ya gina mini. Wallahi ya iya aiki, shafin ya yi kyau, yana buɗewa kamar ƙiftawar ido. Kuskurena ɗaya: da imel ɗinsa ya yi rajistar domen ɗin, ni kuma ban tambaya ba. Ya gama karatu ya tafi bautar ƙasa kudu, ya canja layi. Shekara ta cika, saƙon tunatarwa yana ta zuwa akwatinsa, ni ban sani ba. Wata safiya wani ango ya ce shafina ba ya buɗewa. Kafin in samo yaron ta hannun wani abokinsa, wa'adin sabuntawa na sauƙi ya wuce, an shiga lokacin da sai an biya tara mai nauyi kafin a fanso sunan. Ga katunan sana'a 500 da na buga da adireshin, ga allon shago, ga sitika a bayan kowane albam da na ba mutane. Dole na biya. Ban ce yaron ya cuce ni ba, ni ne na gina shago na bar makullin a aljihun magini.

Don haka in ka zaɓi biyan magini, domen da hannunka za ka saye shi, da imel ɗinka da lambar wayarka, sannan ka ba shi izinin shiga ya yi aikinsa. Kalmar sirrin hostin da ta shugaban shafin su dawo hannunka kafin ka cika masa kuɗi. Ya zaunar da kai awa ɗaya ya nuna maka yadda za ka ɗora hoto ka cire da kanka, kada kowane sabon biki ya zama sai ka biya shi. Duba takardar farashinsa kuma, akwai abin da za a zaftare. In ya sa kuɗin makullin tsaro, wannan ɗan kwaɗon da ke fitowa gefen adireshi, ka sani wata cibiya mai suna Let's Encrypt na bayar da shi kyauta, kuma yawancin masu hostin suna haɗawa da shi. In ya sa kuɗin haɗa biya ta kati, tambayi kanka wa zai yi amfani da shi. Paystack, kamfanin da ke karɓar biya ta kati, na cire kashi 1.5 cikin 100 da naira 100 a biyan cikin gida, ba ya wuce 2,000, ba tsada ba ne, amma mutanenmu taransifa suka sani, su turo maka rasit ta WhatsApp, wani ma sai ya zo shago ya ga idonka ya ajiye kafin alƙalami.

Sai abin da ba magini ko Wix da zai gaya maka, don ba su san garin nan ba. Mafi kyan hotunan da muke ɗauka ba na nunawa ba ne. Wata rana bayan Azahar ina shago, sai ga wani dattijo da babbar riga, ya yi sallama, ya ƙi zama. Ya miƙo mini waya, hoton amarya ne ranar kamu a shafina, wani ɗan uwansu ya gani ya tura masa. Ya ce, "Mi yak kai hoton ɗiyata ga wanga abu? Mun biya ka ka ɗauka muna, ba mu biya ka ka nuna ma duniya ba." Ban da ta cewa. A gabansa na cire, na bi shi har mota ina ba da haƙuri. Tun daga ranar ba na ɗora hoton mace sai da izinin gidansu a rubuce, ko da saƙon waya ne. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 ma ta tsaya kan neman izini, amma mu nan tun kafin doka akwai kunya da mutunci.

Wannan ya canja mini lissafin gaba ɗaya. Abin da mai hoton biki a Sakkwato ya fi buƙata ba babban wurin baje koli ba ne, ɗaki ne mai makulli, inda amarya da danginta za su shiga da kalmar sirri su zaɓi na albam su sauke da cikakken ingancinsu, ba wanda WhatsApp ya matse ba. Pixieset don masu hoto aka yi shi, yana yin wannan, kuma tsarinsa na kyauta na ba da gigabait 3, ya isa biki biyu ko uku in kana share na baya. Google Drive ma na ba da gigabait 15, sai dai ba shi da ado. In kuma kana biyan Lightroom duk wata, Adobe Portfolio, wurin gina shafin baje hotuna, na cikin kuɗin da kake biya, da yawa ba su ma san suna da shi ba.

A matsayin da kake yanzu, ƙanena, ni ban ga dalilin fitar da 350,000 ba. Cinikinka daga bakin mutane yake zuwa, ƙawar amarya ta ga albam ta karɓi lamba. Sayi domen na .com.ng da sunan sutudiyonka tun wani bai riga ka ba, ka haɗa shi da shafi guda a Google Sites, wanda ba a biyan hostin: hotuna 15 da aka ba ka izini, ayyukan da kake yi, unguwarku, da maɓallin da zai kai mutum WhatsApp ɗinka kai tsaye. Ka yi rajistar shagon a taswirar Google, ita ma kyauta ce, don baƙon da ya sauka daga Abuja ya nemi mai hoto ya ga Mabera. Aikin yini biyu ne. Ragowar kuɗin ka ƙara fitila ko batir, su za su dawo maka da shi kafin Babbar Sallah.

Ranar da ka fara neman aikin ƙungiyoyin agaji, ko ma'aikatu, ko taron yaye ɗalibai irin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, lissafin ya juya. Masu ba da irin wannan aiki sukan nemi takardar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, su duba shafinka, su kalli ko imel ɗinka na ɗauke da sunan kamfani. A nan magini ya cancanci kuɗinsa, aiki ɗaya zai iya mayar maka da su. Kada ka watsar da lambar mutumin, ce masa ba yanzu ba.

In za ka sayi domen ɗin, biyo ta shago ranar Asabar bayan La'asar mu yi tare. Ka zo da katinka, kuma ka tabbata kana tuna kalmar sirrin imel ɗinka, kada mu zauna muna jiran ƙaninka ya ɗauki waya.